Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Duba Larurar Ƙwaƙwalwa: A Rage Gaggawa Wajen Raɗa Wa Ciwo Suna

Zuwa ga likitocin ƙwaƙwalwa, da likitocin da ke duba kowane irin mara lafiya, da 'yan'uwana malaman jinya, da masana halayyar ɗan Adam, da ɗaliban da ke shirin shigowa wannan fage.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto muku wannan wasiƙa a matsayina na wanda ya shafe mafi yawan shekarun aikinsa yana malamin jinya a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, tsakanin ɗakin kwanciya da ɗakin ganin likita. Yanzu da na ajiye aiki, na sami sararin waiwayar abin da hannuwanmu suka aikata, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sunan ciwon da ake rubutawa a saman fayil. Wannan suna yakan rayu fiye da zaman likitan da ya rubuta shi a asibitin. Likita ya yi canjin wurin aiki, wani ya zo ya gaje shi, ya buɗe fayil ya karanta layin farko, daga nan kuma duk abin da mara lafiya zai faɗa sai a saurare shi ta cikin wannan layi. Roƙona gare ku shi ne ku ba wannan layi lokacin da ya cancanta, musamman a inda larurar yanayin zuciya da larurar hali suke kama da juna.

Rukuni na farko ya ƙunshi ciwon damuwa mai tsanani da kuma ciwon hawa da sauka, wanda kuke kira baifola. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2019 ya nuna kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa, sannan kimanin miliyan 40 ke fama da baifola. Rukuni na biyu shi ne larurar hali, wato yadda mutum yake ganin kansa, da yadda yake zama da mutane, da yadda yake riƙe zuciyarsa, idan waɗannan sun karkace tun ƙuruciya har suka zame masa wahala a gida da wurin aiki. Bambancin da ke tsakaninsu mai sauƙin faɗa ne a aji. Ciwon yanayi baƙo ne, yana da ranar zuwa, kuma bisa al'ada yana da ranar tafiya, ko da zai sake dawowa. Larurar hali kuwa 'yar gida ce, tare mutum ya girma da ita, ba ya iya nuna maka watan da ta fara. Saboda haka tambayar da na ga ta fi kowace amfani a bakin likita mai haƙuri ita ce: “Yaushe rabonka da ka ji kanka daidai, kuma a lokacin wane irin mutum ne kai?” Wanda ya ce shekara biyu da suka wuce yana kasuwancinsa lafiya, yana zaune da iyalinsa lafiya, ya ba ka amsa mai nauyi. Wanda ya ce bai taɓa sanin wata rayuwa ba sai wannan, shi ma ya ba ka amsa.

Ƙa'idar gane ciwon damuwa ba baƙuwa ba ce a wurinku. Littafin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, ya nemi alamomi biyar daga cikin tara, su ɗauki aƙalla mako biyu, kuma dole ɗaya daga cikinsu ta kasance ko dai baƙin ciki mai ɗorewa ko gushewar sha'awar abin da mutum ya saba jin daɗinsa. Abin da nake son jan hankalinku a kai shi ne takardar tambayoyi tara ta PHQ-9, wadda ta zama ruwan dare. Takarda ce mai amfani wajen tace jama'a da kuma bin sawun samun sauƙi, makinta daga 0 zuwa 27 ne, kuma an saba ɗaukar 10 a matsayin iyakar da za a fara zargi. Amma na sha ganin an ɗauki maki 14 an mayar da shi hukunci, an rubuta magani, mara lafiya ya fita kafin kujerar ta yi ɗumi. Takardar ba ta san cewa mahaifin mutumin ya rasu makonni uku da suka wuce ba. Ba ta san tayiroyid ɗinsa, wato ƙullin da ke gaban wuya mai daidaita kuzarin jiki, ta yi rauni ba, ko jininsa ya yi ƙasa, ko sinadarin B12 ya ƙaranta a jikinsa, ko yana shan maganin kumburi furednisolon saboda wani ciwo dabam, ko kuma giya ce take cinye masa barci. Duk waɗannan suna iya sanya rigar ciwon damuwa, kuma gwajin jini kaɗan tare da tambaya mai kyau kan warware yawancinsu. Haka nan dattijon da ya haura shekara sittin sannan halinsa ya sauya farat ɗaya, ya fara faɗin abin da bai saba faɗa ba, ya daina jin kunya, wannan ƙwaƙwalwarsa za a bincika, domin larurar hali ba ta fara tsiro da furfura.

Akwai tambaya ɗaya da ta wajaba a yi wa duk wanda ya zo da ciwon damuwa kafin a ɗora alƙalami a kan takardar magani, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Ita ce tambayar hawa: shin ka taɓa samun wasu kwanaki a jere da barcin awa biyu ko uku ke isarka ba tare da gajiya ba, maganarka ta yawaita, tunani yana rige-rige a kanka, kana jin babu abin da ya fi ƙarfinka, ka kashe dukiya ko ka ɗauki alkawuran da daga baya ka yi mamakin kanka? Babban hawa yana ɗaukar aƙalla mako guda, ko ƙasa da haka idan ya kai ga kwantarwa, kuma ba ya ɓuya ga kowa. Ƙaramin hawa shi ne mai wayo. Kwana huɗu sun isa a ƙirga shi, kuma mai shi ba ya kawo ƙararsa asibiti, domin a wurinsa waɗannan ne kwanakin da ya fi jin daɗin duniya, ya fi ƙwazo, ya fi faram-faram da mutane. Babu mai zuwa wurin likita don ya ce ya ji daɗi fiye da kima. Yana zuwa ne a lokacin sauka, kuma idan ba a tono ba, saukar kaɗai za a gani. Wannan ne ya sa binciken da aka tattara daga ƙasashe dabam-dabam ya nuna cewa matsakaicin jinkiri tsakanin farawar baifola da gane ta ya kai kimanin shekara shida. A cikin waɗannan shekaru ana ba mutum maganin damuwa shi kaɗai, wanda ko dai ba ya yi masa aiki, ko ya jefa shi cikin hawa, ko ya bar shi cikin wani cakuɗaɗɗen hali na rashin natsuwa da baƙin ciki a lokaci guda, wanda yake da haɗari ƙwarai ga rai.

A nan ne amfanin iyali yake fitowa. Da izinin mara lafiya, a kira matarsa ko mijinta, ko uwa, ko ɗan'uwan da suka tashi tare, domin su ne suka ga daren da bai kwanta ba. A tambayi ko akwai mai irin wannan ciwo a dangi, a lura idan damuwar ta fara tun kafin shekara 25, ko tana yawan dawowa, ko ta zo da ruɗewar hankali jim kaɗan bayan haihuwa. Wannan ruɗewa ta bayan haihuwa tana samun mace 1 zuwa 2 cikin kowace haihuwa 1,000, kuma dangantakarta da baifola mai ƙarfi ce, har ya kamata duk wanda ya gan ta ya ajiye zargin a zuciyarsa.

Inda ƙafa ta fi zamewa shi ne tsakanin baifola da larurar hali ta rashin daidaituwar zuciya, wadda aka fi sani da bodalayin tun bayan da Adolph Stern ya yi amfani da kalmar a 1938. Dukansu biyun suna zuwa da sauyin yanayi, da aikata abu ba tare da tunani ba, da yunƙurin kashe kai, da rikici da makusanta. Amma kama da wane ba ta wane ba. Sauyin baifola ana auna shi da kwanaki da makonni, yakan taso ko da babu wanda ya taɓa mutum, kuma yana tafe da sauyin barci da kuzari wanda kowa a gida zai shaida. Sauyin bodalayin ana auna shi da awanni, kuma kusan kullum akwai abin da ya kunna shi a tsakanin mutum da wani: saƙon da ba a amsa ba, kallon da aka fassara da ƙiyayya, alamar cewa za a tafi a bar shi. Mai wannan larura zai iya wayar gari cikin fara'a, da azahar ya tsani kansa, da dare ya yanki hannunsa don ya huce, sannan washegari ya zo yana neman gafara. Yana fama da jin cewa cikinsa fanko ne, ba ya da tabbacin ko shi wane ne, kuma mutumin da ya ɗauka mala'ika jiya zai iya zame masa maƙiyi yau. Ba shi da wannan raguwar buƙatar barci ta kwana da kwanaki. Idan bai yi barci ba, ya so ya yi ne ya kasa, kuma da safe a gajiye yake.

Duk da haka ban ce rarrabewar tana da sauƙi ba, domin mutum ɗaya yana iya ɗauke da duka biyun, kuma wanda aka ci zarafinsa tsawon shekaru yana ƙarami yana iya zuwa da hoton da ya fi dacewa da larurar firgici mai sarƙaƙiya, wadda ICD-11, kundin jerin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ya ba ta gurbi nata na kanta. Abin da nake cewa shi ne, ba a yanke wannan hukunci a ganin farko, balle a ɗakin gaggawa da tsakar dare, lokacin da mutum yake cikin mafi munin sa'o'in rayuwarsa. Ciwon damuwa mai tsanani yana sa mai haƙuri ya zama mai faɗa, mai dogaro da kai ya zama mai naci da manne wa mutane. Idan aka auna halin mutum a wannan lokaci, halin ciwon aka auna. A jira guguwar ta lafa, a ba shi takarda ya riƙa rubuta yanayinsa da awannin barcinsa kullum na tsawon wata biyu ko uku, a sake zama. Sau da yawa wannan 'yar takarda da mara lafiya ya cika da hannunsa ta fi dogon bayanin da muke rubutawa a fayil gaskiya.

Ina tuna wata matashiya da aka kawo mana bayan ta sha ƙwayoyi da yawa. A daren farko aka rubuta mata larurar hali, domin ta yi faɗa da ma'aikata kuma akwai tsoffin tabo a hannunta. Daga ranar, duk dawowar da ta yi sai a ce ga ta nan kuma. Ni kaina na taɓa rubutawa a rahoton dare cewa neman a kula ta kawai take yi, kuma har yau ina jin nauyin wannan jimla. Bayan shekaru wata sabuwar likita ta zauna da mahaifiyarta kusan awa guda, sai ga labarin makonnin da yarinyar ba ta barci, tana rubuce-rubuce har asuba, tana raba kayanta ga maƙwabta, da kuma labarin wani kawunta da ya yi irin wannan ciwo. Aka gane baifola ce, aka fara mata litiyam, maganin wannan ciwo. Ban ce duk matsalolinta sun gushe ba, amma kwanciyar asibiti ta zama abin da take tunawa daga nesa. Babu wani sabon gwaji da aka ƙirƙiro a tsakanin. Tambayoyin da aka yi wa uwar suna nan tun daren farko, babu dai wanda ya yi su.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda sunan larurar hali ya koma zagi a bakinmu. A 1988 wasu masu bincike biyu a Birtaniya, Lewis da Appleby, sun raba wa likitocin ƙwaƙwalwa labarin mara lafiya guda, sai dai a wasu kwafin an ƙara cewa an taɓa gano masa larurar hali. Likitocin da suka karanta wannan ƙari sun fi ganin mutumin a matsayin mai wahalarwa, mai juya mutane, wanda bai cancanci kulawa sosai ba, kuma wanda yake da iko a kan yunƙurinsa na kashe kansa. Kalma ɗaya ce ta sauya hukunci. Fiye da shekara talatin ke nan, amma duk wanda ya yi aikin dare a ɗakin kwanciya ya san cewa maganar ba ta tsufa ba. Gaskiya ne waɗannan marasa lafiya suna gajiyar da ma'aikaci, suna iya raba kan ma'aikata gida biyu, wasu suna tausaya musu wasu suna jin haushinsu. Wannan gajiya tamu ce, kuma wurin kai ta shi ne zaman ma'aikata da shugaban sashe, ba fayil ɗin mara lafiya ba. Kuma ku tuna cewa wasu bincike na dogon zango sun gano kusan ɗaya cikin goma na masu bodalayin suna mutuwa ta hanyar kashe kai. Wanda ya yi barazana sau ashirin bai zama mai wasa ba saboda yawan maimaitawa.

Hausawa suna cewa hali zanen dutse, kuma an daɗe ana koyar da ɗalibai kamar wannan karin magana ce ƙa'idar likitanci. Bincike ya saɓa mata a wannan bagire. Mary Zanarini da abokan aikinta a asibitin McLean da ke kusa da Boston sun bi sawun mutum 290 masu bodalayin, kuma bayan shekara goma kashi 93 cikin ɗari sun sami aƙalla shekara biyu ba tare da alamomin sun kai matsayin ciwo ba. Sai dai kimanin rabinsu ne kawai suka haɗa wannan sauƙi da riƙe aiki ko karatu da kuma kyakkyawar dangantaka da wani, abin da ke nuna cewa alamomin ciwon suna lafawa da wuri fiye da yadda rayuwa take ginuwa. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne a daina gaya wa mara lafiya, da baki ko da fuska, cewa haka zai mutu, sannan a sa maganar komawa makaranta ko sana'a cikin jinya tun farko, kada a bar ta sai ya warke.

Jinyar da ta tabbata tana aiki a nan ta magana ce. Marsha Linehan ta Jami'ar Washington ta fito da tsarin DBT, ta buga sakamakon gwajinsa na farko a 1991, inda ake koya wa mutum jure zafin zuciya ba tare da cutar da kansa ba, da sarrafa motsin rai, da zama da mutane. A 2011 ita kanta ta bayyana wa duniya cewa tana budurwa an kwantar da ita saboda irin wannan fama, abin da ya kamata ya sa duk mai raina waɗannan marasa lafiya ya sake tunani. Bateman da Fonagy a Landan sun kawo wani tsari da ke horar da mutum ya riƙa tsayawa ya yi tunanin abin da ke zuciyarsa da zuciyar wanda yake hulɗa da shi kafin ya yanke hukunci. Na san ba kowane asibiti ke da ƙwararru a waɗannan fannoni ba, amma rashinsu bai zama uzuri ba. John Gunderson ya nuna cewa likita na gama-gari zai iya yin abu mai yawa idan ya gaya wa mara lafiya sunan larurarsa a fili, ya tsayar da ranakun ganawa da ba sa canzawa, ya rubuta tare da shi abin da za a yi idan rikici ya taso, kuma ya zama mutum guda da ba ya gudu ba ya kuma wuce iyaka.

Ƙwaya kuwa, a nan muke yawan yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta faɗa tun 2009 cewa kada a ba da magani don bodalayin ita kanta, sai dai don wani ciwo da ke tare da ita, kuma idan an ba da mai kwantar da hankali a lokacin rikici kada ya wuce mako guda. Amma abin da muke gani shi ne kowane rikici yana ƙara ƙwaya ɗaya, babu kuma rikicin da ke rage ko ɗaya, har mutum ya wayi gari yana shan iri huɗu ko biyar, ya yi ƙiba, yana barci da rana, ya kamu da jarabar dayazifam, ƙwayar kwantar da hankali, kuma ajiyar ƙwayoyin da ke gidansa ta isa ta kashe shi a dare guda. Likita yana rubutawa ne domin ba ya son mutum ya fita hannu rabbana, na fahimci wannan. Amma minti goma na sauraro da ranar dawowa tabbatacciya su ma abin riƙewa ne.

Kundin ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2022, ya rushe tsofaffin ɗakunan da ake raba larurar hali a cikinsu. Yanzu ana fara tambaya ne ko larurar tana nan kuma ta ɗore kamar shekara biyu ko fiye, sannan a auna tsananinta, mai sauƙi ce ko matsakaiciya ko mai tsanani, sannan a bayyana ɓangaren da ta fi karkata: yawan mummunan motsin rai, ko janyewa daga mutane, ko rashin damuwa da haƙƙin wasu, ko rashin birki, ko tsananin son tsari da kamala. An bar bodalayin a matsayin ƙarin bayani. DSM-5 kuwa ya riƙe nau'o'insa goma a rukuni uku. A ganina sabon tsarin ya fi kusa da abin da muke gani, domin da wuya ka sami wanda ya zauna daram a ɗaki guda, kuma tsanani ne yake gaya maka yawan kulawar da mutum ke buƙata. Tsorona kawai shi ne kada matakin mai sauƙi ya zama kwandon da za a riƙa jefa duk wanda ya yi wa likita gardama.

A ɓangaren baifola, ina roƙonku kada ku bar litiyam ya mutu a hannunku. Tun da John Cade ya bayyana amfaninsa a Ostareliya a 1949, ba a sami wanda ya fi shi hana dawowar ciwon ba, kuma yana da shaida mai ƙarfi wajen rage kashe kai. Matasan likitoci suna tsoronsa saboda yana buƙatar sa ido, kuma gaskiya ne yana buƙata. Ana ɗibar jini awa 12 bayan shan na ƙarshe, ana neman ma'aunin litiyam a jini ya tsaya tsakanin 0.6 da 0.8 ga yawancin masu farawa, kuma daga 1.5 zuwa sama an shiga haɗarin guba. A riƙa duba ƙoda da tayiroyid duk wata shida. A gaya wa mara lafiya da iyalinsa cewa amai ko gudawa ko rashin ruwa a jiki, da magungunan ciwon jiki irin su aibufurofen da daikulofenak, da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, duk suna iya ɗaga shi, kuma karkarwar hannu mai tsanani da tangaɗi da nauyin harshe alamu ne na a garzaya asibiti. A kuma gargaɗe shi kada ya yanke shi dare ɗaya, domin ciwon kan dawo da ƙarfi. Balfurowet, wani maganin baifola da ake gudu zuwa gare shi saboda sauƙin rubutawa, yana haifar da nakasa ga kimanin jariri 1 cikin 10 idan an sha shi da ciki, sannan 3 zuwa 4 cikin 10 suna samun matsalar girman ƙwaƙwalwa da koyo. Rubuta shi ga mace mai shekarun haihuwa ba tare da doguwar tattaunawa da tsarin kariya ba laifi ne da ba shi da kwaskwarima. A sauran magungunan baifola, lamotirijin a hau shi a hankali saboda mummunan ƙurjin fata, olanzafin da kwetiyafin kuma a riƙa auna nauyi da sukarin jini.

Ciwon damuwa shi ma haƙuri yake so daga ɓangarorin biyu. A babban binciken STAR*D na Amurka, wanda aka fara buga sakamakonsa a 2006, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka warke sarai da maganin farko. Ke nan rashin nasarar farko abu ne da ya kamata a sanar da mara lafiya tun kafin ya faru, don kada ya ɗauka shi ne ya gagara. A gaya masa maganin kan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, alhali illolinsa su kan riga zuwa, kuma bayan ya ji sauƙi zai ci gaba da sha aƙalla wata shida, sannan a sauke shi sannu a hankali. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 a gan su da wuri bayan farawa, domin hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi kan ƙaruwar tunanin kashe kai a 2004 ga yara, ta faɗaɗa shi a 2007 zuwa matasa. Maganin damuwa amitiriftilin yana da haɗari idan an sha da yawa, don haka kada a ba mai irin wannan tunani na wata guda a hannu. Damuwa mai sauƙi sau da yawa jinyar magana mai gyara tunani irin ta likita Aaron Beck, ko tsara wa mutum komawa ayyukansa kaɗan-kaɗan, ta wadatar. Wanda kuwa ya daina ci da sha, ya sandare, jinyar lantarki da ake yi a yau cikin maganin sa barci tana ceton rai, kuma bai kamata mummunan sunan da ta yi a da ya hana a ambace ta ba.

Ku yi tambayar kashe kai a fili, da kalmomin da mutum zai gane, ga mai damuwa da mai baifola da mai larurar hali baki ɗaya. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, kuma wanda yake da shi yakan sauke ajiyar zuciya idan ya ga an ba shi ƙofa. Fiye da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara a duniya, kuma makonnin farko bayan sallama daga asibiti suna cikin mafi haɗari, saboda haka kada a sallami kowa ba tare da ranar dawowa ta kusa ba.

Abu na ƙarshe da nake nema ƙarami ne, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Idan ba ku tabbatar ba, ku rubuta a fayil cewa wannan zato ne na wucin gadi, ku lissafa abin da kuke zargi na biyu, ku sa ranar da za a sake duba sunan. Idan kun gaji fayil mai kauri daga wani likita, ku ware zama guda ku ɗauki tarihin daga farko kamar ba a taɓa ɗauka ba, ku nemi wani daga cikin iyali ya zo. Idan kuma kun tabbatar, ku faɗa wa mara lafiya sunan ciwonsa da bakinku, tare da abin da aka sani game da samun sauƙinsa, kada ya tsinci sunan a takardar sallama yana tsaye a bakin ƙofa.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah Ya ƙara muku basira, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Naku,
Wani tsohon malamin jinya.